Yadda Ake Gano Yoyon Mai da Binciken Tankuna a Gidajen Mai da Defo-Defon Legas

Man da ake lodawa daga Legas zuwa Arewa kan kwana a tankunan Apapa, da Ibafon, da Kirikiri, da Ijegun-Egba, da Ejigbo, ko kuma a na matatar Dangote da ke Ibeju-Lekki, kafin ya hau tanka ya kama hanya. A cikin wannan harka akwai 'yan uwanmu da yawa, daga dillalai da manajojin gidajen mai zuwa direbobi da masu ba da mai da masu gadi, kuma wannan bayani dominsu ne, musamman waɗanda aka damƙa wa amanar tanki, ko na ƙarƙashin ƙasa ne a gidan mai ko na bisa ƙasa a defo.

Ƙasar Legas ba ta yi wa tankin ƙarfe da sauƙi. A wurare da dama ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, a kusa da teku da tafki kuma yana da gishiri, damina tana da tsawo, sannan ƙasar yashi ce wadda mai ke ratsawa ba tare da wata wahala ba. Ga shi kuma gidaje masu yawa sun dogara ne da rijiya da burtsatse. Mutanen Baruwa da ke Ipaja sun san abin da wannan ke nufi, domin tun cikin shekarun 1990 man da ya tsiyaya daga bututun da ya ratsa unguwarsu ya ɓata musu rijiyoyi, suka yi shekaru suna fama. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace litar ruwan sha, saboda haka mai kaɗan ya isa ya hana amfani da rijiya gaba ɗaya.

Game da hukuma, Dokar Masana'antar Man Fetur da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta rushe tsohuwar hukumar kula da albarkatun man fetur, wato DPR, ta miƙa lasisi da binciken defo-defo da gidajen mai ga hukumar NMDPRA. Malalar mai kuwa tana ƙarƙashin NOSDRA, hukumar tarayya mai gano malalar mai da magance ta, wadda aka kafa da dokar 2006, a matakin jiha kuma akwai LASEPA mai kula da muhalli. Sai dai jami'in hukuma lokaci-lokaci yake zuwa, ramin da ya ɓule a jikin tanki kuwa kullum yake zuba. Don haka aikin gano yoyo yana hannun wanda ke kwana da tashi a wurin.

Mataki na farko: a san abin da aka binne

Kafin komai, a buɗe wa kowane tanki fayil nasa, a rubuta shekarar da aka binne shi, da girmansa, da ko na ƙarfe ne ko na roba mai ƙarfi, da ko bango ɗaya gare shi ko biyu, da taswirar bututun da suka taso daga gare shi zuwa famfuna, da takardun gwajin da aka taɓa yi masa. Abu mafi muhimmanci a fayil ɗin shi ne jadawalin awo, wato takardar da ke nuna lita nawa ce ke daidai da kowace santimita a wannan tankin. Wanda ya sayi gidan mai ko ya karɓe shi haya ba tare da waɗannan takardu ba, to ya sa a sake auna tankunan kuma a gwada su kafin ya zuba lita ɗaya, domin jadawalin wani tanki ba ya aiki a kan wani, kuma tankin da ya karkata a cikin ƙasa ya daina bin tsohon jadawalinsa.

Mataki na biyu: awo da lissafin kullum

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma ba ya cin kuɗi sai dai haƙuri. Kowace rana, a lokaci guda, zai fi kyau da asuba kafin a fara sayarwa, a zura sandar awo a hankali har ta taɓa gindin tanki, a ciro, a karanta, a goge, a sake zurawa. Idan awon biyu sun saɓa, a yi na uku. A duba gindin sandar ma, domin wadda ta cinye ko aka datse ba za ta faɗi gaskiya ba. Daga nan a karanta babbar mitar kowane famfo, wadda ba a mayar da ita baya, a rubuta.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki man da aka kwana da shi, a ƙara wanda aka sauke, a cire wanda aka sayar, abin da ya rage shi ne ya kamata a tarar a tanki. A misali, tanki mai cin lita 45,000 ya wayi gari da lita 7,000, aka sauke masa tankar lita 33,000, mita ta nuna an sayar da lita 12,400. Littafi ya ce saura 27,600. Idan sanda ta nuna 27,520 washegari, giɓin lita 80 ke nan, sai a rubuta shi a shafinsa, a kuma buɗe wani shafi da ake tara giɓi da rarar kowace rana tun daga farkon wata.

Giɓin rana ɗaya ba ya tabbatar da komai. Fetur yana kumbura da zafi, yana tsukewa da sanyi, kimanin lita ɗaya cikin kowace 1,000 a kowane digiri, don haka tankar da ta sha rana a cunkoson Apapa za ta sauke mai ɗumi, wanda idan ya huce a ƙarƙashin ƙasa zai ragu da fiye da lita 30 a kan kowane digiri da ya sauka. Akwai kuma wanda ke tashi ya bi iska ta bututun numfashi. Saboda haka a auna tanki kafin saukewa, a bar man ya lafa na aƙalla rabin awa, sannan a sake aunawa, a gwama da takardar lodi. Abin lura shi ne alƙiblar lambobin. Kuskuren awo yau ya ba da giɓi, gobe ya ba da rara, a ƙarshen wata su kusa cinye juna. Amma idan shafin tarawa kullum ƙasa yake yi, mako bayan mako, ko kuma giɓin ya fara girma fiye da yadda aka saba gani a wannan tankin, to mai yana fita ta wata hanyar da mita ba ta gani.

A ƙa'idar hukumar muhalli ta Amurka, giɓin wata da ya haura kashi 1 cikin 100 na man da aka sayar, haɗe da galan 130, wato kusan lita 490, shi ne ke sa a yi zargin yoyo. A ganina wannan iyaka ta yi faɗi ga mai tanki a Legas. Gidan man da ke sayar da lita 300,000 a wata zai iya rasa kusan lita 3,500 bai taka ta ba, alhali ramin da ke zubar da lita 9 a rana, wanda zai ɓuya tsaf a cikin wannan lissafi, yana tura fiye da lita 3,000 cikin ƙasa a shekara. Wanda ya jira sai ya taka iyakar ya makara.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wadda nake ganin ita ce babbar abokiyar yoyo. Da zarar an ga giɓi, sai a ce yara ne suka yi sata, a yanke daga albashinsu, a cike littafi, magana ta mutu. Sata tana faruwa, babu mai musu, amma idan aka sauya ma'aikata giɓin bai sauya ba, an zalunci bayin Allah, ramin kuma yana nan yana aikinsa. Mafi muni ma, yaron da ya san za a yanke masa kuɗi zai koyi gyara lambobi domin su daidaita, daga ranar kuwa littafin ya daina amfani. Wanda ke karɓar kuɗin ciniki kada ya zama shi ke riƙe sandar awo, kuma mai gida ya riƙa duba littafin da idonsa aƙalla sau ɗaya a mako.

Gidan man da ke da na'urar awo ta lantarki a cikin tanki ya samu sauƙi, domin tana karanta tsayin mai da zafinsa da ruwan da ke gindi, wasu ma suna gwada tankin da kansu cikin dare. Duk da haka a riƙa gwama ta da sanda lokaci-lokaci, kuma kada a kashe ƙararrawarta don ta dami mutane.

Mataki na uku: awon ruwa

A wuraren da ruwan ƙasa ke nesa, tanki mai rami zubar da mai yake yi. A Legas sau da yawa shan ruwa yake yi, domin idan ramin yana ƙasa da matakin ruwan da ke kewaye, ruwan ne zai kutsa ciki. Wannan yana iya ɓoye giɓi gaba ɗaya, har sanda ta nuna rara. Don haka a shafa maikon gano ruwa, irin su Kolor Kut, a gindin sandar, wanda ke komawa ja idan ya taɓa ruwa, a rubuta tsayin ruwan a littafi. A damina a yi haka kullum, musamman a watannin Yuni da Yuli da kuma Satumba da Oktoba. Idan aka zuƙe ruwan ya dawo, a fara duba murfin bakin tanki da robarsa, domin ruwan sama kan shiga ta nan. Idan murfin lafiya yake kuma ruwan na ƙaruwa ko ba a yi ruwan sama ba, jikin tankin ake tuhuma.

Mataki na huɗu: a rarrabe inda man ke bi

Idan giɓi ya tabbata, a bi shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A fara da famfuna: a zuba mai a ma'aunin lita 20 mai hatimi, domin mitar da ta tsufa tana iya ba da fiye da abin da take rubutawa. A duba makullai da hatimin bakin tanki, a sake bin lissafi ko an yi kuskuren ƙari ko ragi, a kuma gwama takardun lodi da awon saukewa ko giɓin yana zuwa ne a ranakun da aka kawo mai kaɗai.

Idan duk waɗannan sun fita, a tsayar da tankin. A kulle famfunansa da bakinsa, a auna mai da ruwa, a bar shi na aƙalla awa 36 babu shiga babu fita, a sake aunawa. Raguwar mai ko ƙaruwar ruwa a tankin da ke zaune yana nuna jikinsa. Idan kuwa bai motsa ba amma giɓi na dawowa da zarar an fara sayarwa, to bututu ne, kuma a gaskiya bututu da mahaɗansu sun fi jikin tanki yawan yoyo. Famfon da ke jinkirin kawo mai da safe, ko yake tofar da iska kafin man ya zo, alama ce cewa bututunsa ya tsiyaye cikin dare.

Mataki na biyar: zagayen ido da hanci

Sau ɗaya a mako a buɗe murfin ƙasan kowane famfo a duba danshi ko ɗigo, a leƙa ramukan bakin tankuna, a duba tiyo ko ya tsage, a bi kwata da magudanar ruwa ana neman ƙyallin mai a saman ruwa. Simintin da ya lotsa a saman tanki, ko ciyawar da ta bushe a wuri guda cikin damina, abin tambaya ne. A kuma saurari maƙwabta. A unguwanni irin su Agege da Mile 12, 'yan garuwa kan riga kowa jin warin fetur a ruwan burtsatse, saboda su ke ɗibarsa tun asuba. Manajan da ya ji irin wannan ƙorafi ya kore shi da faɗa ya yar da rahoton da aka kawo masa kyauta.

Mataki na shida: gwajin ƙwararru

Littafi yana nuna cewa akwai matsala, amma gwajin matsi ne ke tabbatar da ita. Wannan aikin kamfanin da NMDPRA ta amince da shi ne, kuma a nemi ganin takardar amincewar kafin a biya. Ana toshe duk kofofin tanki, a cika shi da matsi kaɗan wanda bai wuce fam 5 a kan kowane murabba'in inci ba, a sa ido ko allurar za ta sauka. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a hura masa iskar kwamfuresa, sai iskar naitirojin, domin iska da tururin fetur idan suka haɗu a rufaffen wuri bam ne. Bututu kuma a ware su a gwada su dabam, da matsin da ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda suke aiki da shi. Gwaji mai kyau yana iya kama yoyon da bai kai rabin lita a awa ba. Mai gida ko wakilinsa ya tsaya a wurin har a gama, domin takardar shaidar da aka rubuta ba tare da an ɗaura ma'auni ba ba za ta toshe rami ba.

Kusancin ruwan Legas yana da amfani guda. Rijiyoyin sa ido suna aiki sosai a inda ruwa bai wuce zurfin mita 6 ba. Ana binne bututun roba mai ƙananan tsage-tsage a kusurwoyin ramin tankuna, a sa masa murfi da makulli da alama don kada direba ya ɗauka bakin tanki ne, sannan duk wata a ɗebo ruwa da gora mai haske a duba ko mai na yawo a samansa. Tankin ƙarfe kuma yana buƙatar kariyar lantarki daga tsatsa, wadda injiniya ke aunawa, ana neman karatun da ya kai milivolt 850 a ɓangaren ragi. Wanda zai binne sabon tanki ya zaɓi mai bango biyu da na'urar da ke sa ido a tsakanin bangwayen, ya kuma ɗaure shi da kankare, domin tankin da babu mai a cikinsa kan taso da damina kamar fankon jarka a rijiya, ya tsinke bututunsa.

Mataki na bakwai: manyan tankunan defo

A defo, ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne API 653, wato kundin ƙa'idojin binciken manyan tankuna na Cibiyar Man Fetur ta Amurka. Ya tanadi zagayen ma'aikatan wurin aƙalla sau ɗaya a wata, da binciken waje na ƙwararren mai lasisi wanda bai wuce shekara 5 ba, da binciken ciki wanda ga tankin da ba shi da ƙarin kariya na farkonsa ke zuwa cikin shekara 10. A binciken ciki ana kwashe mai, a wanke, a bi farantan gindi da na'urar maganaɗisu mai gano inda tsatsa ta ci ta ƙasa, a auna kaurin ƙarfe da na'urar sauti, a gwada layukan walda da akwatin zuƙar iska. Gindin ne ya fi haɗari saboda ba a ganinsa. A ƙasar fadama da aka cike, irin ta Apapa da Ijegun, a ƙara da auna nutsewar tanki, domin idan gefe ɗaya ya fi sauka waldar da ta haɗa gindi da bango ce ke ɗaukar nauyin.

Katangar da ke kewaye da tankuna ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da babban tankin cikinta ke ɗauka, kuma bawul ɗin fitar da ruwanta ya zauna a kulle. Da damina akan bar shi a buɗe don kada ruwa ya taru, wanda hakan daidai yake da rushe katangar. A duba ruwan tukuna, a buɗe, a sake shi ta matatar da ke raba mai da ruwa, a tsaya har ya ƙare, a kulle.

Cika tanki fiye da kima ma malala ce. A Buncefield ta Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, ma'aunin wani tankin fetur ya maƙale, maɓallin da ya kamata ya tsayar da turo mai shi ma bai yi aiki ba, man ya yi ta ambaliya ta saman tankin har tururinsa ya kama, gobarar ta yi kwanaki tana ci. Saboda haka kafin a karɓi mai daga jirgi ko bututu a lissafa sararin da ya rage, a san lokacin da ya kamata tankin ya cika, a kuma riƙa gwada ƙararrawar cikar da gaske, a rubuta ranar da wanda ya gwada.

Mataki na takwas: shiga cikin tanki

Kada a taɓa ɗaura wa yaro igiya a zura shi ya wanke tanki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iskar wurin, kuma yana sumar da mutum kafin ya yi kira. Sai an toshe bututu, an kashe lantarki an kulle, an kore tururin, an auna da na'ura an ga iskar shaƙa ba ta gaza kashi 19.5 ba, an ba da izini a rubuce, kuma akwai mai tsaro a baki da kayan ceto. Idan na ciki ya faɗi, na waje kada ya bi shi haka nan.

Mataki na tara: idan yoyo ya tabbata

A dakatar da sayarwa daga tankin nan take, a kashe famfunansa. Idan mai ya fito fili ko warinsa ya cika kwata, a kashe lantarki daga nesa, kada a tayar da janareta ko mota, a janye mutane zuwa inda iska ke fitowa, a hana masu zuwa da bokiti, a kira 112 ko 767 domin hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, wato LASEMA, da 'yan kwana-kwana. A tare man da yashi, kada a kore shi cikin kwata da ruwa, domin can zai bi ya tarar da murhun mai suya ko mai shayi a wani layin. Daga nan a kwashe sauran man da famfon da aka yi domin fetur.

Dokar NOSDRA ta wajabta kai rahoto a rubuce cikin awa 24, ta sa tarar naira 500,000 a kan kowace ranar da aka yi jinkiri, da wata tarar naira miliyan ɗaya ga wanda ya ƙi gyara wurin. A sanar da ofishin NMDPRA da LASEPA su ma, a riƙe kwafin kowace wasiƙa mai ɗauke da tambarin karɓa. A je wa maƙwabta masu rijiya da burtsatse a gaya musu gaskiya, ta hannun baale, wato mai unguwa na Yarabawa, ko sarkin Hausawa ko limami idan ya fi sauƙi, a ce su dakatar da sha da girki da ruwan har a gwada shi, a kuma samar musu da wani. Tafasa ruwan ba ya mayar da shi abin sha.

Jami'an hukuma za su zo binciken haɗin gwiwa domin tantance musabbabi da yawan man da faɗin wurin da ya shafa, kuma littafin awo ne abin da za su fara nema, saboda shi zai nuna ranar da giɓin ya soma da litocin da suka salwanta. Bayan an cire ko an gyara tankin, ana zuƙe man da ke yawo a saman ruwan ƙasa, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa a miƙa wa kamfanin da ke da izinin sarrafa ta, a ci gaba da ɗibar samfurin ruwa daga rijiyoyin sa ido da na maƙwabta ana kai wa ɗakin gwaji har sai hukuma ta rufe fayil ɗin a rubuce. Tankin da aka gyara kuma ba a mayar masa da mai sai ya sake cin gwajin matsi, shi da bututunsa, an kuma sake fitar masa da jadawalin awo idan gyaran ya taɓa siffarsa ko zamansa.